Kalandar Lambun Cikin Gida: Daga Kaka Zuwa Damina

 

 An nemi in yi magana a kan shuka kayan miya da furanni a cikin gida, da aikin da ya dace da kowane lokaci na shekara. Zan tsaya a kan yanayin Kano da maƙwabtanta, wato Katsina, Jigawa, arewacin Zazzau, har zuwa Maraɗi da Damagaram. Wanda yake zaune a Jos lissafinsa daban ne, kuma zan faɗi dalili idan mun zo kan furanni.

Yawancin waɗanda suka gwada lambu a gida suka bari, za ka ji suna cewa hannunsu ba ya karɓar shuka, ko ƙasar gidansu ta mutu. Ni ban yarda da wannan ba. In ka bi diddigi, sai ka tarar iri mai kyau aka zuba a lokacin da ba nasa ba. Mun gaji noman damina, jikinmu ya saba da cewa in hadari ya haɗu to shuka ta zo. Haka ne ga gero da dawa. Amma tumatir, albasa, latas, kabeji da karas sanyi suke so da busasshiyar iska. Manoman Kadawa da Kura da Garun Malam, masu shan ruwan madatsar Tiga da aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo, babban nomansu na tumatir sai ruwa ya ɗauke suke yin sa. Shi ya sa kwando yake arha a Kwanar Gafan cikin Janairu da Fabrairu, ya kuma yi tashin gwauron zabo da damina. Duk mai zuwa cefane ya riga ya san wannan kalanda, aljihunsa ya koya masa.

Watannin Musulunci ba a ɗora shuka a kansu, domin kowace shekara suna matsowa da kwana goma ko sha ɗaya. Malamanmu na da sun san haka, shi ya sa suke riƙe da lissafin taurari 28, kowanne kwana 13 ban da guda ɗaya mai 14, suka kasa su huɗu: bazara, damina, kaka da ɗari. Ni zan yi amfani da watannin boko don sauƙi, amma ido ne gaba. In shekara ta yi jinkiri, kai ma ka jinkirta. Bayanin lokacin shuka da ke jikin ledar irin da ake shigowa da shi daga Turai kuwa, an rubuta shi ne don mutanen da ƙanƙara ke rufe wa ƙasa. A duba sunan irin da ranar lalacewarsa, a bar sauran.

To, shekarar mai lambu daga kaka take farawa, ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, lokacin da ruwa ke janyewa ana cikin zafin agazari. Aikin farko zaɓen wuri. Duk abin da ake shukawa don 'ya'yansa yana bukatar rana ta awa shida aƙalla, gidajenmu kuma dogayen katangu gare su. Ga abin da ba a cika lura da shi ba: a watan Disamba rana tana karkata kudu, ko da tsakar rana ba ta zuwa tsakiyar ka. Katanga mai tsawon mita uku da ke kudancin tsakar gida tana jefa inuwar wajen mita biyu a cikin gidan. Wurin da kika ga rana tana duka a watan Yuni, yana iya kwana cikin inuwa ya wuni cikin inuwa duk tsawon hunturu. Saboda haka a yi fangali a gindin katangar arewa, ya fuskanci kudu. Riba biyu ce, domin iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, katangar za ta tare ta.

Na san da yawa za su ce tsakar gidansu siminti ne ko intalok, kuma wannan abu yana damuna ƙwarai. Gidan Bahaushe na da ba ya rasa zogale a bayan ɗaki, kabewa a kan danga, lalle a wani lungu, da 'yar yakuwa a inda ake zubar da ruwan wanke-wanke. Yau mun shafe ko'ina, gida ya riƙe zafi har tsakar dare, ruwan sama ya rasa inda zai nutse sai ya fita ya cika layi, sannan mu aiki yaro ya sayo ganyen miya. Wanda zai yi gini nan gaba, don Allah ya bar ko da taku goma na ƙasa. Wanda ya riga ya shafe kuma, hanya ba ta toshe ba. Buhun shinkafa da aka naɗe bakinsa yana ɗaukar tumatir ɗaya ko attaruhu ɗaya. Jarkar da aka yanke, tsohon bokiti, bahon da ya fashe, duk suna aiki, muddin an huda ƙasansu ruwa yana fita. Latas, alayyafo da lansir ba sa neman zurfi, taƙi ɗaya na ƙasa ya ishe su.

Ƙasar da za a zuba: kashi biyu ƙasa, kashi ɗaya taki. In ƙasar mai laka ce, a ƙara yashi ko ɓuntun shinkafa don ta saki jiki. Takin kuwa sai wanda ya ruɓe. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, kuma mutane da yawa sun kashe renonsu da shi suna ganin gata suka yi masa. A haƙa ɗan rami, a zuba sharan turken awaki, ɓawon kayan miya, busasshen ganye da 'yar toka, a yayyafa ruwa, a juya duk mako biyu. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, warin ya tafi, ya koma ƙamshin ƙasa. Ƙasar bolar birni a guje ta. Bolar da da ta yanzu ba ɗaya ba ce, ta yanzu cike take da mataccen batir, leda da ragowar magunguna. Ɗaya daga cikin dalilan yin lambu a gida shi ne ka san ruwan da latas ɗinka ya sha. Masu bincike a jami'o'inmu sun daɗe suna nuna damuwa kan ganyen da ake nomawa a bakin Jakara da ruwan kwatami da na masana'antu. Ba shi da ma'ana ka gudu daga wannan, sannan ka kwaso irinsa da baro ka kawo tsakar gida.

Sai reno. Tumatir, tattasai, attaruhu, yalo, kabeji, latas da albasa ana fara renonsu ne a ɗan wuri kafin a dasa. Karas da kuɓewa da lansir ba sa son dashe, inda za su zauna nan ake shuka su. Kada a binne iri da zurfi. A yafa shi, a barbaɗa ƙasa sama-sama, a rufe da busasshiyar ciyawa, da zarar ya tsiro a ɗauke ciyawar. In kin ga tsiro yana faɗuwa, gindinsa ya tsuke ya yi baƙi, ruwa ne ya yi yawa ko irin ya cunkushe. A rage duka biyun. Tsohon gidan sauro da ya gama aikinsa a ɗaki yana da babban amfani a nan. A kafa shi a kan renon, zai hana kaji da ƙadangaru, kuma zai rage ƙananan fararen ƙudajen nan masu kawo ciwon da ke nannaɗe ganyen tumatir. Tsiron da ya kamu da wannan ciwo tun yana reno ba ya warkewa, sai dai a tuge shi.

Tumatir yana isa dashe cikin mako uku zuwa huɗu, tattasai da attaruhu mako biyar zuwa shida, albasa mako shida zuwa bakwai. A yi dashe bayan la'asar, a ba da ruwa nan take, tsiron ya samu dare guda ya farfaɗo kafin rana ta same shi. Tsakanin tumatir da tumatir kamu ɗaya, latas taƙi ɗaya, albasa faɗin tafin hannu. Na san zuciya ba ta son a bar fili, amma tumatir biyar masu sarari sun fi goma sha biyar da suka matse juna.

Game da albasa, yankinmu ba baƙo ba ne. Albasar Galmi ta jihar Tawa a Nijar ta yi suna har ana sayar da irinta a ƙasashe da dama, ga kuma Aliero a Kebbi. Abu biyu zan faɗa a kanta. Irin albasa ba ya jure ajiya, in ya haura shekara rabinsa ba zai fito ba, don haka a sayi sabo. Sannan idan wuyanta ya fara kwantawa, a ɗauke mata ruwa wajen mako biyu kafin a cire, in ba haka ba za ta ruɓe a ajiya. Mai ƙaramin wuri ma ba sai ya jira kai ba, lawashin kaɗai ya biya shi.

Latas kuma kada a zuba leda guda rana ɗaya. Duk zai nuna tare, ku ci na mako guda, sauran ya tsufa. A riƙa yafa kaɗan-kaɗan duk mako biyu daga ƙarshen Oktoba zuwa Janairu. A shekarun nan ma akwai sa'a: azumin 2025 a watan Maris ya kama, kuma yana ta matsowa cikin sanyi. Wanda ya ƙirga wata biyu baya daga ranar da ake sa ran ganin wata, ya shuka latas da lansir, ya ƙirga uku don karas, zai yi buɗa-baki da abin gidansa shekaru da dama masu zuwa.

Disamba da Janairu su ne kakar mai lambu. Dare yana sanyi har ƙasa da digiri 15, rana ba ta da zafi sosai, ciwon ganye ya ragu saboda babu laima. Ban ruwa da safe ya fi, a gindi, ba a ka ba, sai dai sau ɗaya a mako a watsa wa ganye don a wanke ƙurar hunturu. Ga lissafin da zai taimaka wa mai sayen ruwa a wurin 'yan garuwa: fangali mai mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi yana shan kimanin lita biyar a rana a lokacin sanyi. Jarka ɗaya mai lita 25 ke nan tana riƙe mita huɗu zuwa biyar. Ka auna ƙarfinka da wannan kafin ka faɗaɗa. In kuma kun ga kuɓewa da alayyafo sun tsaya cik a wannan lokaci, ba taki suka rasa ba. 'Yan zafi ne, suna jiran Fabrairu.

Abokin gaba mafi girma shi ne tsutsar da manoma ke kira sharon. Asalinta daga Kudancin Amurka take, ta shiga Sifen a 2006, ta bi ta arewacin Afirka har ta iso mu. A 2016 ta cinye gonakin tumatir a Kano, Kaduna, Katsina da Jigawa, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, kamfanin sarrafa tumatir na Ɗangote da ke Kadawa ya tsayar da aiki don rashin abin sarrafawa. Tun daga nan ba ta bar mu ba. Tana shiga tsakanin fatar ganye ta sama da ta ƙasa tana ci, ganyen ya yi wani fari-fari kamar an kankare shi, daga baya ta huda 'ya'yan. Da yake a ciki take, feshi ba ya cika samunta. Amma mai tushe goma a gida yana da abin da mai eka goma ba shi da shi, wato yana iya duba kowane ganye. A duba duk safiya, a tsinke wanda ya kamu, a ƙona shi ko a ƙulle a leda a ajiye a rana. Kada a jefa shi ramin taki.

Don darɓa da sauran ƙananan ƙwari, maganin yana ƙofar gida. A tara 'ya'yan darbejiya busassu, a ɓare, a daka ƙwayar kimanin rabin kilo, a jiƙa a lita goma na ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu don ya kama ganye, a fesa da yamma sama da ƙasan ganyen. Ba ya kashewa nan take, yana hana ƙwaro ci da hayayyafa ne, don haka ana maimaitawa duk mako. Abin da nake roƙonku da babbar murya shi ne kada fiya-fiya ta kusanci abin da za a ci. Gubar da ke cikinta ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu a 2015. Abin da wasu suka ƙi a tashar jirgin ruwansu, bai kamata mu fesa shi a kan latas ɗin da yaro zai tsinka ya sa a baki ba.

Bari mu juya ga furanni, domin hunturu lokacinsu ne su ma. Wasu suna ganin fulawa aikin banza ce tunda ba a miya da ita. Ban ga haka ba. Gidan da ido ke samun abin kallo ya fi daɗin zama, kuma fure yana jawo zuma da sauran ƙwarin da ke sa kabewa da gurji su yi 'ya'ya. Sai dai a san me ake saya. Yawancin kyawawan furannin da ake kawowa daga Jos sun tashi ne a tudu mai tsayin wajen mita 1,200, inda sanyi ke nan kusan duk shekara. Ka saye su a Disamba suna sheƙi, Afrilu na zuwa su ƙone. Wardi yana iya rayuwa a Kano, amma sai a inda zai sha hantsi ya samu inuwa da rana ta take, kuma furensa na kirki a sanyi yake yi. Bogenbiliya, fulawar nan mai ƙaya da ke hawa katanga, ita tamu ce ta zauna. Sirrinta ƙishirwa: in ana dura mata ruwa da taki, ganye za ta yi ta yi. A rage mata ruwa da rani, sai ta rufe katanga da ja. Marigol mai ruwan ɗorawa kuma a shuka ta tsakanin kayan miya, domin saiwarta tana rage ƙananan tsutsotsin ƙasa da ido ba ya gani, waɗanda ke sa saiwar tumatir da kuɓewa ta yi ƙulu-ƙulu.

Yanzu mun zo inda lambuna suke mutuwa, wato bazara. Daga tsakiyar Maris zuwa Mayu zafi yana kaiwa digiri 40. Tumatir zai yi fure, furen ya kakkaɓe bai ƙulla ba, domin idan zafin rana ya wuce kimanin digiri 35, dare kuma bai huce ba, garin furen yana lalacewa. Babu takin da ke gyara wannan. Latas zai miƙe sama ya yi ɗaci. Fangalin da ke shan lita biyar yanzu yana neman bakwai ko takwas, a daidai lokacin da rijiya ta ja baya, jarka ta yi tsada. A nan ne mutum yake ganin ya gaza, ya watsar da komai, ƙasar ta bushe ta zama dutse, kaka ta zo ya rasa ƙarfin sake farawa.

Shawarata ita ce a ja da baya da gangan. Ƙarshen Fabrairu zuwa Maris a kwashe abin sanyi, a yanka ragowar tumatir a shanya a yi kauɗa, a tuge tushen a ƙona. Sannan a zaɓi abin da za a tsallakar: zogale, lalle, shuwaka, lemun tsami, na'a-na'a, da tushen attaruhu biyu ko uku. Attaruhu in ya samu 'yar inuwa ya tsallake bazara, da ruwa ya sauka zai sake toho, ya ba ka 'ya'ya a lokacin da yake tsada a kasuwa. A tattara masu bokiti wuri ɗaya, nesa da katangar da ranar yamma ke duka, domin tana amayar da zafi har bayan isha. A yi musu rumfa da tsohuwar zana mai ramuka, wadda ke tace rana ba ta toshe ta ba. A lulluɓe gindin kowace shuka da ciyawa, ɓuntu ko busasshen ganye kaurin yatsu uku, amma kada ya taɓa jikin tushen, kuma a riƙa ɗagawa ana duba gara.

Akwai dabarar da nake so ta yaɗu a unguwanninmu. A samu tulu ko 'yar randa ta yumɓu, a binne ta har wuya a tsakiyar fangali, a cika da ruwa, a rufe bakin. Ruwan zai riƙa tsattsafowa ta jikin yumɓun a hankali, kai tsaye zuwa saiwa, rana ba ta shan komai. A shuka alayyafo ko kuɓewa kewaye da ita, a riƙa cikawa duk bayan 'yan kwanaki. Maginan tukwanenmu suna nan, cinikinsu yana ja baya saboda roba, wannan kuwa aiki ne da roba ba za ta iya ba.

Ruwan da aka riga aka yi amfani da shi ma dukiya ne. Ruwan alwala, ruwan wankin shinkafa da na kayan miya, duk su tafi gindin shuka. Gida mai mutum goma, alwalarsu ta yini kaɗai tana riƙe zogale da na'a-na'a, in an dasa su a inda ake yin ta. Ruwan wanki mai garin sabulu da bilic kuwa a kai shi rariya, yana tara gishiri a ƙasa. Haka ruwan burtsatse mai zartsi: in kun ga fari-fari a saman ƙasar bokiti, bakin ganye yana ƙonewa, a riƙa yi masa ban ruwa mai yawa lokaci-lokaci har ya zubo ta ƙasa, ya wanke gishirin.

Fangalin da aka bari babu komai, zafin ma yana iya yi masa aiki. In saiwar tumatirin da kuka tuge ta yi ƙulu-ƙulun da na ambata, a kafta ƙasar, a jiƙa ta sosai, a shimfiɗa farar leda mai nuna ciki, a danne gefenta da ƙasa, a bar ta mako huɗu zuwa shida a ranar Afrilu. Zafin da ke taruwa a ƙarƙashi yana kashe tsutsotsin da irin ciyawa da yawa. Kuma baɗi kada a mayar da tumatir wurin. Shi da tattasai da attaruhu da yalo dangi ɗaya ne, ciwonsu ɗaya. A sa albasa ko latas ko wake a gurbinsu.

Furen bazara shi ne kariya. Itacen dajinmu ne, mai kumburarren gindi, yana fure ja da fari a lokacin da ba shi da ko ganye. Yau ana sayar da shi da tsada a tukunya a ƙasashen waje, mu kuwa muna wuce shi a bakin hanya. Ruwa kaɗan yake so, yawan ruwa ne ke ruɓar da shi. Amma ruwan jikinsa guba ne, a ajiye shi inda yara da awaki ba sa kaiwa.

Damina ba sai na daɗe a kanta ba, kowa ɗan gida ne. Kada ruwan farko ya ruɗe ku, a jira ya zauna, galibi cikin Yuni. Da rani fangali ake yi mai zurfi don ya riƙe ruwa, da damina kunya ake tayarwa don ruwa ya wuce. Lokacin namu ne na gado: kuɓewa, yakuwa, rama, lalo, alayyafo, karkashi, kabewa, wake. Alayyafo mako uku zuwa huɗu ya isa yanka. Kuɓewa tana fara 'ya'ya wajen wata biyu, kuma a riƙa tsinka duk kwana biyu, in aka bar ta ta ƙosa a jiki sai uwar ta daina haihuwa. In kabewa tana fure ƙananan 'ya'yan suna zubewa, zuma ce ba ta zuwa. Furenta iri biyu ne, macen tana da ɗan ƙulli a gindi, namijin babu. Da sassafe a tsinki namijin, a cire ganyen furen, a goga tsakiyarsa a cikin macen.

Damina ce kuma lokacin dasa reshe. Bogenbiliya, lalle, shuwaka da zogale duk suna kamawa daga reshen da aka yanka aka soke a ƙasa mai laima, kuma maƙwabci ba zai hana ka reshe ba. Zogale kada a bar shi ya yi ta tafiya sama, a sare kansa in ya kai ƙirji, zai yi rassa inda hannu ke kaiwa. Lalle kuma a bar wani sashe ba a aske ba, domin ƙamshin furensa da daddare ya fi na furanni da yawa da muke sayowa. Idan marka ta kama a Agusta, a ɗaga bokitai a kan bulo, a kife duk abin da ke tara ruwa. Lambun da ya zama matattarar sauro ya ci riba da uwa. Mai son tumatirin damina ya yi masa rumfar leda, ya ɗaure shi a sanda, ya kuma sa rai da kaɗan.

Yakuwa tana da wata ɗabi'a: ko yaushe ka shuka ta, ba ta fure sai yini ya fara gajarta, wajen Satumba zuwa Oktoba. Ka ci ganyenta duk damina, ka bar wasu tushe su ba ka zoɓo a Nuwamba. Wannan zoɓon ne ake lodawa daga Jigawa da Kano har ƙasar Meziko.

Abu na ƙarshe shi ne iri. Wanda aka rubuta F1 a ledarsa haɗi ne na kamfani, yana ba da amfani sosai, amma in ka ajiye 'ya'yansa ka shuka ba za su fito kamar uwarsu ba. Shi ana sayensa ne duk shekara. Namu na gida kuwa, kuɓewa, yakuwa, rama, alayyafo, kabewa, yalo, suna maimaita kansu. A zaɓi tushen da ya fi lafiya tun da wuri, a ɗaura masa ƙyalle don kada a tsinke shi, a bar 'ya'yansa su bushe a jiki. Kuskuren da ake yi shi ne a cinye masu kyau, a ajiye ragowar ƙarshe a matsayin iri. A shanya a inuwa, a gauraya da toka mai sanyi, a zuba a kwalba mai murfi, a rubuta suna da shekara. Akwai nau'o'in kuɓewa da yalo da kabewa da ke hannun tsofaffin mata a ƙauyukanmu, waɗanda ba a sayar da su a kowane shago, kuma sun saba da ƙasarmu da ƙwarinmu. Duk wanda zai je gida da kakar nan, ya roƙo ko da cikin cokali ne, ya raba wa maƙwabta biyu, domin in nasa ya lalace ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Wanda kuma yake neman ingantaccen iri ko ƙarin bayani, akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, akwai reshen cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa a Bagauda, ga kuma malaman gona na hukumar noma ta jihar Kano, KNARDA.